Scott jarumi ne, ko alƙalaminsa ne ya cece shi?

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai aikin nazari a gabana kan wasan kwaikwayon Terra Nova na Ted Tally, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1977. Ga wanda bai san shi ba, labarin Kyaftin Robert Scott ne da mutanensa huɗu, 'yan Birtaniya da suka ja kayansu da ƙarfin jikinsu har ƙuryar kudancin duniya, a nahiyar Antaktika. Sun isa ranar 17 ga Janairun 1912, sai suka tarar da tanti da tutar Norway a kafe, domin Roald Amundsen ya riga su tun 14 ga Disambar 1911. A hanyar dawowa su biyar ɗin duka suka mutu. An ce mu tattauna Scott a matsayin babban tauraron wasan ban tausayi. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ya je ya dawo da mutanensa lafiya shi ne ke fitowa kamar mugu, wanda ya kai nasa ga halaka kuma shi ake tausayi. Ina so in rubuta cewa rubutu ne ya ba Scott jarumtar, ba aikinsa ba. Zan iya kare wannan?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Rubuta abinki Malama Hauwa, hujja tana nan jibge. Scott ya kai motocin jan kaya uku, ɗaya ta fasa ƙanƙara ta nutse tun ana sauke ta daga jirgi, sauran biyun suka mace a hanya. Ya kai ƙananan dawaki ƙasar da ko ciyawa ɗaya ba ta tsirowa a hanyar da za su bi, ga ƙafafunsu na lumewa cikin dusar ƙanƙara. An tsara tanti da rabon abinci don mutum huɗu, da aka zo zangon ƙarshe sai ya ce biyar za su tafi, kuma na biyar ɗin, Bowers, ya riga ya baro katakon sulɓinsa a baya, da ƙafa ya yi ta dagargazar hanya. Amundsen fa? Karnuka 52 ya tashi da su, kwana 99 ya je ya dawo, ba wanda ya rasa ransa cikin su biyar. To ina jarumtar take?

Zainab: Yaya Sadiq, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma hujjar wancan ɓangaren ka tara musu. Ba a tambayi Hauwa wa ya fi iya shirya tafiya ba. Wasan ban tausayi tun zamanin Girkawa ba ya son mutumin da ya yi komai daidai. Aristotle cewa ya yi tauraron irin wannan wasa mutum ne mai daraja, ba waliyyi ba kuma ba shaiɗani ba, wanda kuskuren kansa ke jawo masa faɗuwa. Ka cire dawakan nan da mutum na biyar, me ya rage? Mutane biyar da sanyi ya kashe. Wannan labarin jarida ne. Kuskuren ne ya mai da shi wasa.

Sadiq: Wato idan shugaba ya yi ganganci mutane suka mutu, sai mu tafa masa saboda ya dace da ma'aunin Aristotle?

Zainab: Ba tafi ake yi ba, tausayi da tsoro ake ji. Kana iya jin tausayin mutum kana kuma jin haushinsa a lokaci guda.

Malam Isa: Ku ba ni dama in sa baki. Hauwa'u, kafin ki rubuta layi ɗaya, ki raba mutum uku da kike kira da suna ɗaya. Akwai Scott hafsan sojan ruwa da ya yi tafiyar. Akwai Scott na cikin kundin da yake rubutawa kowace rana. Akwai kuma Scott na Tally. Ɗalibai da yawa suna cakuɗa su, sai ka ga an kawo maganar ɗan wasa a matsayin shaidar tarihi.

Na biyun shi ya fi dacewa da abin da kike son faɗa. Rubutunsa na ƙarshe yana ɗauke da kwanan watan 29 ga Maris 1912. Ba a gano tantin ba sai 12 ga Nuwamba, aka sami gawarsa da ta abokan tafiyarsa biyu, Wilson da Bowers, da kundin, da wasiƙu. Duniya ba ta ji labari ba sai Fabrairun 1913. Ki lura da wannan: duk abin da ya faru a makonnin ƙarshe, kusan ta bakin mutum ɗaya muka ji shi, kuma mutumin ya san karantawa za a yi. Cikin takardun akwai saƙon da ya rubuta wa jama'ar ƙasarsa, inda ya ce ba rashin tsari ne ya jawo bala'in ba, rashin sa'a ne. Mutum yana kwance yana jiran mutuwa, amma yana kare kansa a gaban kotun da bai zai gani ba. Sannan da aka zo buga kundin a 1913, Leonard Huxley ya tace shi, aka cire wasu wuraren da Scott ya soki mutanensa da kakkausan harshe. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, balle an ƙara mata gyara.

Ki ɗauki fitar Oates, ɗaya daga cikin su biyar ɗin. Ƙafafunsa sun lalace da sanyi, ya ga yana jan sauran baya, sai ya fita daga tantin cikin guguwa wajen 16 ko 17 ga Maris, bai dawo ba. Kalaman da aka ce ya faɗa, cewa zai ɗan fita kuma wataƙila ya jima, duk ɗan makarantar Ingila ya san su. Daga ina aka same su? Daga kundin Scott. Ba na cewa ƙarya ne. Ina cewa mai nazari dole ya tambayi wa ke ba da labari, kuma me yake buƙata daga mai karatu.

Hauwa'u: Na gode Malam. Ke nan in mai da hankali kan mai ba da labari maimakon in tsaya yanke wa mutumin hukunci.

Malam Isa: Ki yanke hukuncin in kina so, amma ki san wanne daga cikin ukun kike yanke wa.

Nasiru: Ni dai ina ganin an cika danne Scott a nan, kuma wannan dannewar ita ma yayi ce. Shekara sittin da wani abu ana ɗaukarsa kamar waliyyi. A 1979 Roland Huntford ya fitar da littafinsa kan Scott da Amundsen, ya yi masa kaca-kaca, tun daga nan kowa ya koma kiransa sakarai. Sai a 2001 Susan Solomon, masaniyar kimiyyar sararin sama, ta kwatanta ma'aunin sanyin da mutanen Scott suka rubuta da abin da na'urorin zamani suka tattara a wannan yanki na shekaru, ta nuna cewa sanyin ƙarshen Fabrairu da Maris na 1912 ya wuce yadda aka saba nesa ba kusa ba. Dare bayan dare yana sauka ƙasa da 40 a ƙarƙashin sifiri. A irin wannan sanyi dusar ƙanƙara ba ta sulɓi, jan keken kaya a kanta kamar ja a kan yashi ne. Ga kananzir da suka ajiye a ma'ajiyoyin hanya, suka dawo suka tarar ya ragu a cikin gwangwanayen, kuma da shi ake narka ƙanƙara a sha. Sun mutu saura mil 11 su kai babbar ma'ajiyar abincinsu. Mil 11 fa, Sadiq.

Sadiq: Da sun zubar da duwatsun nan da suke ja, wa ya sani.

Nasiru: Na san za ka kawo duwatsun. Nauyinsu kusan kilo 16 ne, kuma a cikinsu akwai sawun ganyen wata tsohuwar bishiya da ake kira Glossopteris, wadda aka samu a Indiya da kudancin Afirka da Ostireliya. Samunta a Antaktika na cikin hujjojin da suka nuna cewa nahiyoyin nan a haɗe suke a da. Amundsen ya je ne ya taɓa wuri ya dawo. Tawagar Scott kuwa da masana ta tafi. Kai kana ganin wauta, marubucin wasa yana ganin kyauta: mutum na mutuwa da yunwa amma ya ƙi sakin dutse. Wannan hoto kaɗai ya ishi fitowa guda.

Rukayya: Kun bar wasan kun koma tarihi. Bari in dawo da ku dandamali, don nan ne nake ganin Hauwa za ta sami abin da sauran 'yan ajinsu ba za su gani ba.

Scott da Amundsen ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Amma a wasan, Amundsen yana shiga yana fita, yana zolayar Scott, yana yi masa gardama kan karnuka, yana tsaye a gefe lokacin da abubuwa ke lalacewa. Haka matar Scott, Kathleen, take bayyana a tsakiyar ƙanƙara. Ke nan wurin da wasan ke gudana ba Antaktika ba ne kawai, cikin kan Scott ne. Wannan Amundsen ɗin ba mutumin Norway na tarihi ba ne, muryar da ke cikin zuciyar Scott ce, mai faɗa masa abin da ya sani amma ba ya son ji. Don haka ban yarda da ke ba Hauwa, da kika ce an mai da shi mugu. Shi ne ke faɗin gaskiya mafi yawa a wasan. Abin da ya sa yake da ɗaci shi ne ta idon wanda aka kayar muke ganinsa.

Gardamar karnukan ma ba ta dabbobi ba ce. Amundsen ya tsara tun daga gida cewa zai kashe karnuka a hanya a ciyar da sauran, har da mutane. A wuri ɗaya, bayan sun hau tsauni, ya sa an kashe 24, kuma da 11 ya dawo. Scott yana ganin mutum ya ja kayansa da ƙirjinsa ya fi daraja. To tambayar da wasan ke jefa wa 'yan kallo ita ce: wanne ya fi muni, ka kashe kare da gangan ko ka bar mutum ya mutu saboda kana son hannunka ya fita da tsabta?

Hauwa'u: Anti Rukayya wannan ya shige ni. Amma ai duk da haka Tally ne ya zaɓi mu shiga kan Scott. Me ya sa ba kan Amundsen ba?

Rukayya: Saboda tafiyar da komai ya tafi daidai ba ta da rikici, kuma wasa ba ya tsayuwa sai da rikici.

Anas: A nan zan ja da ke, Anti. Akwai rikici a sansanin Amundsen, ba a dai so a gani ba ne. Na farko, ya yaudari kowa. Ƙasarsa da masu ba shi kuɗi sun san arewa za shi, sai da jirginsa Fram ya kai Madeira ya gaya wa mutanensa kudu suka nufa, Scott kuwa a Melbourne ya sami gajeriyar wayar tangaraho. Na biyu, a Satumbar 1911 ya yi gaggawar tashi sanyi bai sake ba, suka dawo a wargaje, wasu da ƙafafu a daskare. Hjalmar Johansen, wanda ya fi kowa gogewa a cikinsu, ya faɗa masa gaskiya a gaban jama'a. Sakamakonsa, aka cire shi daga tawagar da za ta ƙurya. Ya koma gida a wulaƙance, a Janairun 1913 ya kashe kansa. Shi kansa Amundsen a 1928 ya tashi a jirgin sama neman Umberto Nobile da mutanensa da suka yi haɗari a arewa, har yau ba a ga gawarsa ba. Wannan duk bai isa wasan ban tausayi ba? Ya isa har ya yi yawa. Bambancin dai shi ne Scott ya bar rubutu mai ratsa zuciya cikin harshen babbar daula, a daidai lokacin da daular ke neman gwarzo.

Zainab: Wannan batu na Johansen ban taɓa kallonsa ta nan ba.

Anas: Kuma ba da Scott aka fara ba. Hauwa, in kina son sakin layi ɗaya da zai ba aikinki nauyi, koma baya zuwa John Franklin. A 1845 ya tashi daga Ingila da jirage biyu, Erebus da Terror, neman hanyar ruwa ta arewacin Kanada. Mutum 129, ba wanda ya dawo. A 1854 John Rae ya zo da labarin da ya ji daga bakin mutanen Inuit, 'yan asalin yankin, tare da kayayyakin mamatan da ya saya a hannunsu. Cikin labarin har da cewa yunwa ta kai na ƙarshensu ga cin naman 'yan'uwansu da suka mutu. Ingila ta ƙi yarda. Charles Dickens ya yi rubutu a mujallarsa yana cewa ba za a karɓi maganar irin waɗannan mutane a kan hafsoshin Ingila ba, har ya yi shaguɓen ko su ne suka kashe su. Bai tsaya nan ba. Shi da Wilkie Collins suka shirya wasan The Frozen Deep, aka fara nunawa a gidansa a Janairun 1857, shi da kansa ya fito a babban tauraro: mutumin da ya sami damar kashe abokin hamayyarsa a cikin ƙanƙara, amma ya cece shi ya mutu a madadinsa. Har Sarauniya Victoria ta kalla. Kin ga yadda aka yi amfani da dandamali aka ba shaida amsa. Daga baya masana suka binciki ƙasusuwan da aka tsinta a tsibirin King William, suka ga sawun wuƙa a jikinsu. Jiragen kuma an gano su a 2014 da 2016, kuma bayanan Inuit na cikin abin da ya kai masu nema wurin.

Nasiru: Abin da zai ba ku mamaki, a wannan tsibirin ne Amundsen ya yi hunturu biyu a tafiyarsa ta 1903 zuwa 1906, yana koyon tufafin fata da sarrafa karnuka a wurin Inuit. Mutanen da Dickens ya ce ba a yarda da maganarsu, iliminsu ne ya kai Amundsen ƙuryar kudu.

Sadiq: To kun ga. Ɗaya ya zauna ya koya, ɗaya ya tafi da girman kai. Maganata ce dai tun farko.

Malam Isa: Sadiq, kai dai ba ka sauka daga kan dokinka. Amma tunda an zo nan, a ƙara da Matthew Henson, baƙar fatar Amurka da ya yi shekaru yana tafiya da Robert Peary. A Afrilun 1909, lokacin da Peary ya ce sun kai ƙuryar arewa, mutum shida ne a wurin: Peary, Henson, da Inuit huɗu. Har yau ana jayayya ko sun kai daidai wurin, amma lambobin yabo Peary aka ba, Henson sai da ya tsufa aka waiwaye shi, ko da yake shi ma ya rubuta littafinsa a 1912. Wannan ya ɗan rage ƙarfin hujjarki, Hauwa'u. Rubutu kaɗai bai isa ba. Henson ya rubuta. Sai an sami jama'ar da ke son jin labarin daga bakin wanda ya rubuta shi.

Hauwa'u: Haka ne Malam. Ke nan alƙalami da masu sauraro.

Maryam: Ina ta bin ku tun ɗazu. Ni aikina kan Frankenstein ne na Mary Shelley, 1818, kuma mutane suna mantawa cewa a cikin ƙanƙarar arewa littafin ya buɗe, a can kuma ya rufe. Mai ba da labarin na waje, Robert Walton, matuƙin jirgi ne mai neman ƙuryar arewa, yana rubuta wa 'yar'uwarsa wasiƙu. Jirginsa ya maƙale, mutane sun fara mutuwa, ma'aikatansa suka zo suka ce in ƙanƙara ta buɗe, kudu za a juya. Abin sha'awa, Victor Frankenstein wanda ya kwashe littafin yana gargaɗin Walton kan haɗarin buri, shi ne ya tashi daga gadon jinya yana zuga su kada su koma gida a matsayin matsorata. Walton ya juya, yana jin kunya da takaici. Shi ya rayu. Amma wa ke tunawa da Walton? Kusan shekara ɗari kafin Scott, yarinya 'yar ƙasa da shekara ashirin ta riga ta fara rubuta wannan gardamar da kuke yi.

Nasiru: A zahiri ma an sami Walton. Ernest Shackleton, a Janairun 1909, saura kusan kilomita 180 ya kai ƙuryar kudu, ya lissafa abincinsu ya ga ba zai kai su ya dawo da su ba, ya juya. Su huɗu duka suka tsira, da ƙyar.

Zainab: Amma Shackleton ba a manta da shi ba ai. Yanzu ma ya fi Scott farin jini.

Nasiru: Yanzu ne. Shekaru da dama yana bayan Scott. Kuma ba don juyawar 1909 ake yabonsa ba, don Endurance ne, jirgin da ƙanƙara ta murƙushe a 1915, ya fitar da mutum 28 da ransu. Ko a nan ma ana tsallake cewa ɗaya ɓangaren tawagar, waɗanda suka je ajiye masa abinci ta gefen tekun Ross, mutum uku suka rasa.

Rukayya: Hauwa, wani abu kuma da za ki iya taɓawa a gajarce: su kansu matafiyan 'yan wasa ne. Tun 1819 jiragen William Parry da suka yi sanyi a arewa suke shirya wasan kwaikwayo a cikin jirgi, hafsoshi na sa kayan mata, don kada duhun watanni ya haukata mutane. A tafiyar Scott ta farko ma, a 1902, sun yi wasa a bukkar da suka gina a bakin teku. Sannan ki kalli hoton nan nasu su biyar a ƙurya, wanda Bowers ya ɗauka ta hanyar jan zare. An kayar da su, sun sani, amma sun jeru da tutoci sun fuskanci kyamara. Mutanen nan sun san ana kallonsu ko da babu kowa a wurin.

Hauwa'u: To ga yadda nake tunanin tsarawa. Zan fara da Amundsen na cikin wasan a matsayin muryar zuciyar Scott, in bi gardamar karnuka, sannan in kwatanta saƙon da Scott ya bar wa jama'a da yadda Tally ya sa shi yana kokawa da kansa. Franklin da Dickens su zo a sakin layi ɗaya. Frankenstein ina jin zai yi yawa.

Malam Isa: Zai yi yawa, ki bar wa Maryam kayanta. Kuma duk inda kika ce wasan ya nuna kaza, ki kawo fitowar da abin ya faru. Kada ki jingina da kundin a inda ya kamata ki jingina da wasan.

Sadiq: Ni dai a sa mini maganar wanda ba a ambata ba cikin su biyar ɗin ko a layi ɗaya ne. Edgar Evans shi ne ya fi su girman jiki, rabon abincinsa daidai da na kowa, shi ya fara mutuwa ranar 17 ga Fabrairu, kuma shi kaɗai ne ƙaramin ma'aikacin jirgi a cikinsu. Ki duba yadda wasan ya yi da shi, ki kwatanta da yadda ya yi da Oates.

Hauwa'u: Zan duba fitowar mutuwarsa da daren nan, Yaya Sadiq. Anti Rukayya, kwafin da ke hannunki yana da bayanin marubuci kan tsarin dandamali a farko? Nawa hoto ne aka ɗauka, shafukan farko babu.

Rukayya: Yana da shi. Bari in duba in turo miki ta akwatinki.